Ni Na Wanke Alhaji

An kashe Alhaji a gonarsa da ke kan hanyar Kurfi, wata Laraba da hantsi, lokacin girbin masara. Ni na wanke gawar. Kafin la'asar an rufe shi. Bayan shekara biyu kotu ta ce a rataye makiyayinsa.

Wankan gawa ne aikina. Ban yi boko ba, allon ma ban wuce surorin salla ba. Wani tsoho ne ya koya mani a ƙauyenmu, can gefen Kutawa, tun ina saurayi. Ya nuna mani yadda ake kirɓa ganyen magarya, yadda ake naɗe hannu da tsumma, a fara da dama, a wanke sau uku ko biyar, a sa kafur a ruwan ƙarshe. Ranar da ya fara bar mani gawa ni kaɗai, ina fitowa ya tare ni a bakin ƙofa.

Ya ce, "Me ka gani?"

Na fara ba shi labarin wani gyambo da ke cinyar mamacin. Ya mare ni. Ya sake tambaya, na yi shiru.

Ya ce, "Ka ce ban ga komai ba. Kowa ya tambaye ka, haka za ka ce. Mutum ya ba ka jikinsa ranar da ba ya iya rufe kansa."

Shekara talatin da wani abu na yi a kan wannan. Na ga tabon bulala. Na ga cutar da mutum ya ɓoye ma iyalinsa. Na ga layu a inda ba a zato. Ba wanda ya taɓa ji daga bakina, shi ya sa ake kirana.

Makiyayin Alhaji Bafulatani ne, amma a ƙasar Dutsin-Ma aka haife shi, wajen Makera, kuma Hausarsa ta fi tawa daɗi. Na san shi ne ranar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu. A ranar na rasa matata da ɗana babba. Ni kuma harsashi ya same ni a cinya, na ja jiki na faɗa cikin dawa. Shi ya tsince ni yana kora shanu, ya ɗora ni a kan jakinsa har bakin titi. Ban koma ƙauyen ba. Na zauna Dutsin-Ma, a wani ɗaki da ke zauren gidan su Alhaji, jikin masallaci. Gidan malamai ne. Wan Alhaji shi ne limami, Malam muke ce mashi. Alhaji kuwa hatsi da taki suka ɗaga shi, ya gina masallatai, ya haƙa rijiyoyi, kullum ana ambatonsa a rediyo, ana kuma cewa zai tsaya takara.

Duk sa'ad da makiyayin ya shigo gari sai ya leƙo zauren da 'yar ƙwaryar nono.

"Baba na gawa, yau wa ka samu?"

"Kai nake jira."

"To in na zo hannunka kada ka yi mani rowar magarya. Ka san mu da man shanu, ruwa ba ya kama mu."

Haka muke.

Shi ya goyo Alhaji daga gona zuwa titi a ranar. Ya ce ya dawo da shanu daga mashaya ya tarar da shi kwance a gindin ɗorawa, jini a ƙeya. Ba wanda ya ji komai, don a gonar da ke maƙwabtaka ana ta casar masara da inji. Da aka iso gida rai ya riga ya fita. 'Yan sanda suka zo suka duba kan, suka yi rubutu, iyali suka roƙa a ba su gawa a yi sutura. Aka ba su.

Mu biyu ne a ɗakin wankan, ni da Malam. Shi ke zuba ruwa. An riga an cire rigar, an lulluɓe shi da zane. Na taɓa ƙeyar. Fata ta tsage, amma ƙashi lafiya lau, na danna na ji. Irin ciwon da mutum ke ji ne in ya faɗi a kan dutse. Na gama ɓangaren dama, na ɗaga hannun hagu. A ƙarƙashin hammata akwai rami, bai wuce kan ɗan yatsa ba, bakinsa ya yi baƙi kamar an ƙona. Na juya shi, ba inda ya fita. Na san wannan ramin. Akwai irinsa a cinyata, kuma shekarun nan na wanke masu irinsa da yawa.

Na dubi Malam. Shi ma ya gani. Butar ta tsaya a hannunsa.

Ya ce a hankali, "In aka ce harsashi ne, asibiti za su kai shi su yanka shi. Ci gaba. Allah ya ji ƙansa."

Na cusa auduga, na ci gaba. Muka sa likkafani.

Washegari muna zaman makoki wani ɗan sanda ya kira ni gefe, da takarda a hannunsa. Mutum ne mai ladabi, har ya durƙusa ya gaishe ni.

Ya ce, "Baba, kai ka yi wanka. Me ka gani a jikinsa?"

Na ce, "Ban ga komai ba."

Ban yi tunani ba. Bakina ne ya faɗa, yadda yake faɗa shekara talatin. Ya rubuta, ya buɗe ɗan gwangwanin tawada, na dangwala babban yatsa. A ranar ba a kama kowa ba. Makiyayin ma yana cikin masu makoki, mutane na sa mashi albarka don ya goyo ubangidansa.

Ranar Juma'a abin ya juya. Ashe wani ya ɗauki makiyayin hoto tun ranar Laraba, yana zaune a ƙofar gida, riga duk jini, sandarsa a jingine ita ma da jini. Aka sa hoton a waya, aka rubuta a ƙasa wai ga wanda ya kashe Alhaji. Sai aka tuna cewa kwana biyu kafin nan shanu sun shiga wake, Alhaji ya zage shi a gaban leburori. Kafin a sauko daga masallaci matasa sun cika hanya da duwatsu. 'Yan sanda suka ɗauke shi don kada a kashe shi. Bai sake fitowa ba. Wani lebura ya ce daga nesa ya hango shi yana ɗaga sanda. Aka rubuta cewa da sanda ya buge Alhaji a ƙeya.

Ban taɓa ganin abu irin wanda ya biyo baya ba. Motoci masu kyamara suka zo daga birni, daga Kano, daga inda ban sani ba. Suka ɗauki gidan, suka ɗauki kabarin, suka ɗauki gindin ɗorawar, har shanun suka ɗauka. Kowace safiya a teburin mai shayi rediyo na kunne, ana buɗe layi mutane na bugowa. Wannan ya ce daga Zariya yake, a rataye makiyayin yau. Wancan ya ce daga Maraɗi yake, ya san irinsu. Wata mata ta yi kuka ta ce ko kotu ba a buƙata. Cikinsu ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa sai a waya. Aka fito da wani hoto na mutum riƙe da bindiga, da rawani, aka ce shi ne a daji. Ba shi ba ne, wancan ya fi shi tsawo da haske. Na faɗa a teburin. Mai shayi ya ce, "Baba, sha shayinka."

Matar makiyayin ta daina kawo nono gari. Daga baya na ji ta kwashe yara ta tafi wajen danginta.

Wata bakwai na yi ban ce komai ba. Na ce ma kaina amana ce. Na ce ma kaina kotu na da masu ilimi, za su gano. Tsoro ma akwai. A zauren gidan nake kwana, tuwon gidan nake ci.

Sai na je gidan yari na ga makiyayin. Ya rame, gashin kansa ya yi fari ta gefe. Yana ganina ya yi dariya.

"Baba na gawa, ka yi sauri. Ban mutu ba tukuna."

Na ce, "Ka buge shi?"

Ya daina dariyar. Ya ce, "Kai ma?"

Ban sake tambaya ba. Ya ce da ya ɗauki Alhaji sandar na hannunsa, ita ya tokara ya miƙe, shi ya sa jini ya taɓa ta. Ya tambaye ni ko an sayar da wata saniya mai karyayyen ƙaho, wai tana da ciki. Ban sani ba.

Da na dawo na sami Malam bayan sallar azahar, mutane sun watse.

Na ce, "Malam, abin da muka gani."

Ya ce, "Me muka gani?"

"Ramin."

Ya daɗe yana jan carbi. Ba mugun mutum ba ne, ya tsufa a wata bakwai ɗin nan fiye da shekara goma. Ya ce, "Ni ruwa nake zubawa. Idona na kan buta." Sannan ya ce, "Ka ga garin nan yadda yake. In na buɗe baki yanzu za a ce gidanmu ne ya ɓoye, za a ce mun san wanda ya yi. 'Ya'yansa ma ba za su bar ni ba."

Na ce, "Za a kashe shi."

Ya ce, "Allah na nan."

Na hau mota na je Kurfi wajen wani malami da ba ruwansa da gidan. Ban faɗi suna ba, na ce a ce mai wanka ya ga abu, kuma ran wani na rataye da abin. Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce aibin mamaci ake rufewa, ba jinin mai rai ba. Ya ce, "Tun yaushe ka gani?" Na faɗa mashi. Ya ce to in tashi in je in ba da shaida.

Lauyan da aka ba makiyayin yaro ne matashi, ofishinsa ɗaki ɗaya a bayan wani shagon gyaran waya. Da na gaya mashi ya miƙe tsaye. Ya ce in harsashi ne, maganar sanda ta rushe, shaidar leburan ta rushe, kuma ba a sami bindiga a wajen mutumin ba. Ya riƙa kai da kawowa a ɗakin. Can ya tsaya.

"Baba, ka taɓa ba 'yan sanda bayani?"

"Na ba su."

"Me ka ce?"

"Na ce ban ga komai ba."

"Ka sa hannu?"

Na nuna mashi yatsan. Ya zauna ya dafe kai.

An ɗage shari'ar sau da yawa kafin a zo kaina. Ranar da aka kira ni, harabar kotun kamar kasuwa. Masu ruwan leda, masu awara, masu rake, har da mai sayar da hoton Alhaji da ake maƙalawa a riga. 'Yan jarida sun jera a bakin ƙofa. Na yi alwala, na dafa Alƙur'ani na rantse. Makiyayin na tsaye cikin akwatin wanda ake tuhuma, ya ɗaga mani gira. 'Ya'yan Alhaji na layin gaba. Malam bai zo ba.

Na faɗi abin da na gani. Ƙeya, ƙashi, hammata, rami, auduga. Tafinta na juyawa, alƙali na rubutu. Shi ne karo na farko a rayuwata da na siffanta jikin mamaci a gaban mutane. Babban ɗan Alhaji ya sunkuyar da kai.

Sai lauyan gwamnati ya tashi da takarda. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, wannan yatsan wane ne?"

"Nawa."

"An tilasta ka?"

"A'a."

"Kwana nawa da wankan?"

"Ɗaya."

"Kwana ɗaya da wanka ba ka ga komai ba. Yau shekara ta zagayo ka ga rami. To yaushe ka yi ƙarya, da ko yanzu?"

Na ce, "Mu haka muke cewa."

Aka fashe da dariya. Alƙali ya buga tebur. Na so in yi bayanin tsohon nan da marin da ya yi mani, amma aka ce in amsa abin da aka tambaye ni kawai.

"Kai likita ne?"

"A'a. Amma na san harsashi, akwai tabonsa a cinyata."

"Madalla. Ranar da aka harbe ka, wa ya ɗauke ka?"

Na nuna akwatin.

Ya juya wajen alƙali ya ce ba ya da sauran tambaya.

Ina fitowa suka rufe ni. Wayoyi a fuskata, wani ya tura mani lasifika har ta bugi haƙorina. "Baba, wa ya turo ka?" "Baba, gaskiya ne kai ne mai kai ma 'yan bindiga labari?" "Baba, gawa nawa ka tona ma asiri?" Wata yarinya mai jan gyale ta ce, "Baba, maimaita mana, ku yaya kuke cewa?" Ni kuma na maimaita, na ɗauka so take ta fahimta. Kafin magariba an yanke wannan guntun, an sa mashi kiɗa, yana yawo a waya. 'Yan acaɓa na wucewa suna ihu, "Mu haka muke cewa!" Mai ƙosai in an ce ƙosanta ya yi ƙanƙanta sai ta faɗa a yi dariya. Har yau in yara suka yi ƙarya aka kama su, ita suke faɗa. Maganar ramin kuwa ba wanda ya yanko ta.

Lauyan makiyayin ya roƙi kotu a buɗe kabarin, ya ce harsashin na nan a ciki tunda bai fita ba. Washegari rediyo ta kama da wuta. Za a tono Alhaji. Za a tono mai gina masallatai saboda maganar mahaukacin tsoho. Matasa suka kafa rumfa a bakin maƙabarta suna gadi da gora. Masu kyamara suka dawo suka ɗauke su. Alƙali ya ce ba zai sa a buɗe kabari a kan shaidar mutumin da ya faɗi magana biyu ba. Ban ga laifinsa ba. Takarda ce a gabansa, da yatsana a jiki. An aika a kira Malam, sai aka kawo takardar likita cewa ba ya da lafiya. Da gaske ne kuma, a kwance yake.

Ranar hukunci ban sami shiga ba. Ina tsaye a gindin wata darbejiya na ji ihu daga ciki, sannan kabbara, sannan 'yan jarida suka fito da gudu kowa na magana da wayarsa. Ban tambayi kowa ba. Aka fito da makiyayin ta baya aka sa a mota.

Kwana huɗu aka yi ana maganar. A na biyar wata mawaƙiya ta yi faɗa da mijinta a birni, rediyo ta koma can. Rumfar maƙabarta aka kwashe. Ba wanda ya sake tambayar wa ya harbi Alhaji, tunda a takarda ba a harbe shi ba.

Ba a kore ni daga zauren ba. Tuwon ne ya daina fitowa. Bayan haka wani dattijo ya rasu a unguwar, mutumin da muka yi shekaru muna sahu ɗaya. Na ɗauki magaryata da tsummana na nufi gidan. Ɗansa ya tare ni a waje, bai iya kallona ba.

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. An kira wani."

Na ce, "Ba komai."

Ya ce, "Ba ni ba ne. Su Inna ne suka ce."

Ban ji haushinsu ba. Ni ma da ni ne ba zan ba da gawar ubana ga wanda aka ji a rediyo yana lissafa abin da ke ƙarƙashin hammatar mutum ba. Malam ya rasu bayan wata uku. Shi ma wani ya wanke shi. Na tsaya a sahun baya aka yi salla. Da aka rufe shi, cikin mu biyu da muka ga ramin saura ni.

Na koma gidan yarin sau ɗaya bayan hukunci. An canza mashi ɗaki, an canza mashi kaya. Lauyan ya ce ya ɗaukaka ƙara, amma abin na ɗaukar shekaru, kuma takardar nan ita za ta bi su har can. Na ce ma makiyayin ya yafe mani. Na ce da na faɗa tun ranar makoki da yanzu yana bayan shanunsa.

Ya ce, "Da ka faɗa tun ranar, da wani sunan za su sa mani. Sun riga sun ga hoton."

Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, ko sauƙi yake nema mani. Mai gadi ya ce lokaci ya yi.

Makiyayin ya ce, "Baba, in sun yi abin, su ke wankewa a nan ko ba da mutum suke?"

Na ce, "Ban sani ba."

"Ka tambaya mana. In ana bayarwa, kai nake so. Ni ba ni da abin ɓoyewa, ka faɗa ma duk wanda ka ga dama."

Na tambayi mai gadin a bakin ƙofa. Ya ce shi ma bai sani ba, tun da ya kama aiki ba a yi ba, wasu sun fi shekara goma suna jira.

Yanzu ina Kurfi, a gidan 'yar ƙanwata. Ranar kasuwa ina tsare ma mutane kekuna da babura a bakin shiga. Shekara guda ke nan ban taɓa gawa ba. Akwai magarya a bayan gidan, ina tsinko ganyen in shanya in adana a tsumma, in ya tsufa in zubar in tsinko wani. Shi yana can. Ba a kira ni ba tukuna.